Mugun Mafarki Mai Dawowa Bayan Masifa: Dalilinsa da Maganinsa

 Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata larura da manya da yawa ke fama da ita a ɓoye, wato mugun mafarki da ke dawo wa mutum dare bayan dare, musamman bayan ya tsallake wata masifa. Za mu duba abin da ke kawo shi, da abin da za ka iya yi da kanka, da magungunan da likita ke bayarwa, da kuma waɗanda ya wajaba ka guje musu.

Me ya sa wannan darasi ya shafe mu?

Mutanen masarautar Yauri ba sa bukatar a ba su labarin tashin hankali. A ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgin ruwa da ya taso daga jihar Neja ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, kuma kimanin mutum 20 kaɗai aka ceto da rai. Mako uku bayan haka, ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai da malamai. Na ƙarshe daga cikin 'yan matan ba su dawo gida ba sai a 2023. Ga kuma ƙauyukan Shanga da Ngaski da suka sha kwana a daji saboda hare-hare.

Idan irin wannan ta faru, ana ƙirga waɗanda suka rasu da waɗanda suka ji rauni. Waɗanda ba a ƙirgawa su ne masu raunin da ido ba ya gani: wanda ya tsira daga ruwa, da masuncin da ya kwana uku yana tsamo gawa, da uwar da ta yi wata da watanni tana jiran 'yarta, da ɗan banga da aka harbe abokinsa a gabansa. Shekaru sun shuɗe, amma wasunsu har yau da zarar sun rufe ido sai su koma wannan rana. In kana cikinsu, ko kana da wani a gida, wannan darasi naka ne.

Wane mafarki ne ya zama ciwo?

Kowa na yin mummunan mafarki jefi-jefi, kuma wannan ba ciwo ba ne. Haka nan a makonnin farko bayan haɗari ko hari, yawancin mutane kan yi firgita da rashin barci, sannan abin ya lafa da kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 70 cikin 100 kan gamu da wata babbar masifa a rayuwarsu, amma kimanin 6 cikin 100 daga cikinsu ne abin ke zame wa ciwo mai daɗewa.

Ka nemi ganin likita idan mafarkin yana zuwa sau ɗaya a mako ko fiye, yana tashinka da faɗuwar gaba da zufa, ka kasa komawa barci, har ka fara tsoron zuwan dare, kuma an wuce wata guda ana haka. Sau da yawa mafarkin reshe ne na wani ciwo da muke kira ciwon firgicin bayan masifa, wanda likitoci ke rubutawa PTSD a katin asibiti. An sanya shi a jerin cututtuka a 1980, bayan an ga halin da sojojin Amurka da suka dawo daga yaƙin Biyetnam suka shiga. Alamominsa kashi huɗu ne:

1. Dawowar abin da ya faru, a mafarki ko ido biyu. Ƙarar injin jirgi, ko tarin babura, ko warin fetur, sai mutum ya ji kamar yanzu abin ke faruwa.
2. Gujewa. Mutum ya daina zuwa bakin ruwa, ya daina cin kasuwar da sai an ƙetare, ya bar gonarsa ta nesa, ya ƙi a tayar da zancen.
3. Zama cikin shiri kullum. Saurin razana, saurin fushi da iyali, kasa kunne ga kowane motsi da dare.
4. Sauyin hali. Zargin kai, kamar “me ya sa ni na tsira?”, da janyewa daga mutane, da rashin jin daɗin komai.

Wannan ciwo ba hauka ba ne, kuma ba ragwanta ko raunin imani ke kawo shi ba. Yana kama sojan da ya saba da bindiga, yana kama Basarken da ya tashi a cikin ruwa.

Yadda abin ke faruwa a jiki

Barcin ɗan'adam hawa-hawa ne. Kusan kowane minti 90 mutum kan shiga matakin da aka fi yin mafarki, kuma wannan mataki yana ƙara tsawo yayin da asuba ke gabatowa. Shi ya sa mugun mafarki ya fi zuwa a ƙarshen dare, ko da yake mai ciwon firgici kan iya yinsa tun farkon barci.

A jikinmu akwai wani sinadari mai suna noradiranalin, wanda ke tashi idan an ga haɗari: zuciya ta buga da sauri, jiki ya shirya gudu ko faɗa. Ga mai lafiya, wannan sinadari kan sauka ƙasa sosai lokacin barcin mafarki, ƙwaƙwalwa ta samu damar tace abubuwan da suka faru ta ajiye su cikin natsuwa. Ga mai ciwon firgici kuwa, masana na ganin sinadarin ba ya sauka yadda ya kamata. Kamar maigadi ne da aka taɓa shiga gidan da yake tsaro, ya zama ko kaza ta motsa sai ya busa usur.

Daga nan sai abin ya zama zagaye. Tsoron mafarki ya hana ka kwanciya da wuri, ƙarancin barci ya sa ranar da ka samu barcin mafarkin ya zo da ƙarfi, sai tsoron ya ƙaru. Da daɗewa mafarkin kan zama al'adar ƙwaƙwalwa, kamar turbar da ƙafa ta saba bi. Wannan ya zama abin farin ciki ta wani ɓangare, domin abin da aka saba ana iya sauya shi da wani sabon.

Abubuwan da ake rikita su da shi

Kafin a ce ciwon firgici ne, likita zai tantance waɗannan:

Dannau. Mutum ya farka amma ya kasa motsi ko magana, ya ji kamar an danne masa ƙirji. Ƙwaƙwalwa ce ta riga jiki farkawa. Yana wucewa cikin daƙiƙu ko 'yan mintuna, ba ya kisa, kuma ya fi samun wanda barcinsa ya yi ƙaranci ko mai kwanciya rigingine.

Ɗaukewar numfashi a barci. Idan iyalinka sun ce kana minshari mai ƙarfi, numfashinka na tsayawa sannan ka zabura, ka faɗa wa likita. Mai wannan larura kan yi mafarkin nutsewa ko shaƙewa, kuma maganinta daban ne.

Farfaɗiyar dare. Alamarta jijjiga, cizon harshe, ko fitsarin kwance ga babba.

Magunguna. Propranolol na hawan jini, da Mefloquine na zazzaɓin cizon sauro, da Efavirenz na cutar ƙanjamau, duk suna iya jawo mafarki mai firgitarwa. Haka ma daina giya ko ƙwayar barci farat ɗaya. Don haka ka zo asibiti da kwalayen duk abin da kake sha, har da na gargajiya. Kada ka daina maganin da aka ɗora ka a kai sai da izinin likita.

Magani na farko: sauya mafarkin da rana

Hanyar da ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fi ba da shawara a kai a bayaninta na 2018 ba ta bukatar ƙwaya ko allura. Ana kiranta bitar sabon mafarki. Dakta Barry Krakow da abokan aikinsa sun gwada ta a kan mata 168 da aka ci zarafinsu, suka wallafa sakamakon a 2001: waɗanda suka koyi hanyar mafarkinsu ya ragu sosai, barcinsu ya gyaru, sauran alamomin firgici ma suka yi sauƙi. Ga yadda ake yi:

1. Da rana, lokacin da hankalinka ke kwance, ka zaɓi mafarki ɗaya. In suna da yawa, fara da mai sauƙin cikinsu.
2. Ka sauya shi yadda kake so. Kana iya sauya ƙarshensa, ko tsakiyarsa, ko wurin gaba ɗaya. Ba dole ne ya yi kama da gaskiya ba.
3. Ka rubuta sabon labarin da boko ko da ajami. In ba ka rubutu, ka naɗi muryarka a waya.
4. Ka rufe ido ka bi sabon labarin a zuci, minti 10 zuwa 20 kowace rana. Ka sa masa launi da sauti da ƙamshi.
5. Tsohon mafarkin kada ka riƙa bitarsa. Sabon kaɗai za ka maimaita.

Misali, a ce kullum kana mafarkin jirgi ya cika da ruwa a tsakiyar tafkin Kainji kana nutsewa. A sabon labarin, da ruwa ya fara shiga sai ka sa ƙafa ka ji ta taɓa yashi, ashe ruwan iya gwiwa ne. Ka taka ka fita a kwatar Yelwa ranar kasuwa, ka ji ƙamshin soyayyen kifi, ƙaninka ya miƙo maka hannu yana dariya. Wannan shi za ka riƙa bi kullum, misali bayan la'asar.

Yawanci ana fara ganin sauyi cikin 'yan makonni, don haka kada ka yanke ƙauna a kwana uku. In kuwa da ka fara sai tsohon abin ya taso maka da ƙarfi, ka dakata, ka bari sai tare da ma'aikacin lafiya.

Maganin tushen ciwon shi ne zama da masanin halayyar ɗan'adam ko likitan ƙwaƙwalwa, yawanci sau ɗaya a mako, zama 8 zuwa 12. A nan ake bin labarin abin da ya faru sannu a hankali, ana warware zargin kai, ana koya wa mutum komawa wuraren da yake gudu mataki-mataki: yau ya tsaya nesa da kwata, gobe ya zauna cikin jirgin da ke ɗaure, wata rana ya ƙetare da rigar kariya a jikinsa. Bincike ya nuna amfanin wannan hanya ya fi na ƙwaya daɗewa.

Magungunan da likita ke bayarwa

Ana ba da magani idan ciwon ya yi tsanani, ko ya haɗu da ciwon damuwa, ko babu masanin da za a riƙa zama da shi a kusa.

Kashi na farko su ne masu gyara ciwon gaba ɗaya: Sertraline, Paroxetine, Fluoxetine da Venlafaxine. Ka riƙe waɗannan game da su:

- Ba sa aiki nan take. Sai an yi mako 4 zuwa 6 kafin a fara jin sauƙi, wani lokaci har 12.
- A makon farko ana iya samun tashin zuciya, ciwon kai ko ƙaruwar mafarki. Yawanci suna wucewa.
- Suna iya rage sha'awar iyali. Kada kunya ta sa ka yar da maganin. Ka faɗa wa likita, akwai gyara.
- Bayan an samu sauƙi ana ci gaba da sha wata 6 zuwa 12. Dainawa farat ɗaya na kawo jiri, rashin barci da dawowar mafarki. Likita ne zai rage maka a hankali.
- Matashi ɗan ƙasa da shekara 25 a sa masa ido a makonnin farko, domin wasu kan samu tunanin cutar da kansu.
- Ke 'yar'uwa, in kina da ciki, ko kina neman samu, ko kina shayarwa, ki faɗa tun farko. Ana kauce wa Paroxetine ga mai ciki.

Kashi na biyu shi ne Prazosin, wanda ake bayarwa don mafarkin kansa. Asalinsa maganin hawan jini ne, kuma yana toshe aikin noradiranalin da muka ambata. Dakta Murray Raskind na asibitin tsofaffin sojoji da ke Siyatil a Amurka ya lura da amfaninsa, kuma gwaje-gwajensa na 2003 da 2007 da 2013 sun nuna yana rage mafarki. Sai dai wani babban gwaji a kan tsofaffin sojoji 304 da aka wallafa a 2018 bai ga ya fi ƙwayar da ba magani a cikinta ba. Abin da ake kai yanzu shi ne yana yi wa wasu aiki ƙwarai, wasu kuma ba ya yi musu, don haka likita kan gwada ya gani. Ƙa'idar kula da tsofaffin sojojin Amurka ta 2023 ta amince a yi amfani da shi don mugun mafarki.

Ana farawa da miligiram 1 lokacin kwanciya, likita ya riƙa ƙarawa sannu a hankali yana auna jini. Babban haɗarinsa shi ne saukar jini idan an miƙe tsaye, musamman bayan shan farko ko ranar da aka ƙara yawansa. Saboda haka:

- Ka sha a bakin shimfiɗa, ka kwanta.
- In za ka tashi fitsari ko sallar asuba, ka zauna minti ɗaya ko biyu kafin ka miƙe.
- Masunci da direban jirgi da ɗan kabu-kabu kada su fita aiki da sassafe a kwanakin farko, sai sun tabbatar ba jiri.
- Kada ka haɗa shi da maganin ƙarfin maza irin su Viagra ba da sanin likita ba. Haɗin na iya sumar da mutum.
- In ka yi kwanaki ba ka sha ba, kada ka koma kan yawan da ka tsaya. Ka koma wurin likita a sake farawa daga ƙasa.
- In azumi ya gabato, ko kana shan wani maganin hawan jini, ka sanar da likita.

Abin da za ka guje masa

Wanda ya yi kwanaki bai runtsa ba, kemis ne wurin da ya fara nufa. A nan ne da yawa ke faɗawa rami na biyu. Diazepam, wanda aka fi sani da Valium, da Lexotan da danginsu suna sa barci a daren farko, amma ba sa warkar da ciwon firgici. Jiki kan saba da su cikin 'yan makonni, a koma neman ƙari, ranar da aka daina kuma mafarkin ya dawo fiye da da. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada a ba da su ga wanda masifa ta auka wa don rage firgici ko rashin barci. In ka riga ka daɗe kana sha, kada ka yanke da kanka, domin hakan na iya kawo jijjiga. Ka zo a rage maka bisa tsari.

Haka tiramol da kodin da wiwi da giya. Tiramol kuwa, in ya haɗu da Sertraline ko danginsa, yana iya kawo zazzaɓi mai zafi, ruɗewa da jijjiga. Kuma kada ka karɓi ragowar maganin maƙwabci don alamominku sun yi kama.

Gyaran kwanciya

Ka riƙa kwanciya da tashi lokaci ɗaya kullum. Ka bar goro, shayi mai kauri, Nescafé da taba tun daga la'asar. Kada ka kalli hotunan gawa ko bidiyon hari a waya, musamman da dare. Barcin rana kada ya wuce rabin awa. In mafarki ya tashe ka, ka kunna fitila, ka taɓa bango ko tabarma, ka faɗa wa kanka sunan garin da kake da shekarar da ake ciki, ka ja numfashi ta hanci ka sake shi a hankali sau goma.

Addu'a da zuwa asibiti

Mun taso da koyarwar cewa wanda ya yi mummunan mafarki ya nemi tsarin Allah, ya juya kwanciya, kada ya riƙa yaɗa shi. Wannan ta sa wasu majiyyata ke yin shiru ko a gaban likita. Ka ci gaba da addu'o'inka na kwanciya, domin natsuwar da suke kawowa tana taimakon barci. Amma gaya wa likita don neman magani daban yake da baza labari a majalisa, kuma likita ba fassara zai yi maka ba. Ba ma sai ka kawo mafarkin filla-filla ba. Ya isa ka ce sau nawa yake zuwa, tun yaushe, da abin da ya hana ka yi. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka tambayi malamin da ka amince da iliminsa. Abin da za a kiyaye shi ne duka, ɗauri, ko turaren da ke shaƙe majiyyaci da sunan cire iska.

Ga iyali

Uwargida, in maigida na fisge-fisge a barci, kada ki girgiza shi ko ki riƙe masa hannu, domin yana iya kai duka bai sani ba. Ki ɗan ja baya, ki kunna fitila, ki kira shi da murya mai taushi: “Malam, tashi, gida kake, lafiya lau muke.” Maigida ma haka zai yi wa iyalinsa. A kawar da adda, wuƙa da bindiga daga ɗakin kwana. Kada a ce masa “ai ya wuce, ka manta”, kada kuma a tilasta masa ba da labari. In ya so magana a saurare shi, ranar asibiti a raka shi.

Yaushe za a garzaya asibiti?

A kawo majiyyaci ba tare da jinkiri ba idan yana zancen kashe kansa ko yana cewa gara ya mutu, ko yana jin muryoyi ido biyu, ko ya yi kwanaki bai yi barci ko kaɗan ba, ko ya suma ko ya yi jijjiga bayan shan magani, ko ya fara zama haɗari ga iyalinsa. Kada a bar shi shi kaɗai, a kuma ɓoye maganin ƙwari da na ɓera.

In ba gaggawa, ka fara da asibitin da ke kusa da kai ko Babban Asibitin Yauri, ka ce a rubuta maka takardar turawa in akwai bukata. Ana ganin masu irin wannan larura a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Kafin ka zo, ka yi mako biyu kana sa alama a takarda duk daren da mafarkin ya zo. Wannan zai taimaki likita ya gane ko magani na aiki. Ko shekara nawa ciwon ya yi, ana samun sauƙi in an bi magani da haƙuri.

In ka karanta, ka karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.